Tantanin Tace Iska: Dabarar Raba Iskar Kabon da Hayaƙin Masana'antu

1.0 Gabatarwa

Kusan kullum ɗalibin harshe yakan ji kalmomi irin su "ɗumamar yanayi" da "gurɓatacciyar iska" a gidajen rediyo, amma ba kasafai ake yi masa bayanin abin da injiniyoyi suke yi game da wannan iska ba. Gobe kuwa mu ne za a miƙa wa takarda a ce mu fassara, ko a gidan rediyo, ko a ma'aikata, ko a cikin aji. Wanda bai fahimci yadda abu yake aiki ba, da wuya ya raɗa masa sunan da ya dace da shi. Saboda haka a wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana ɗaya daga cikin dabarun da ake amfani da su wajen kama iskar kabon dayoksaid kafin ta bi sararin samaniya, wato dabarar tace ta da wani siririn abu da na zaɓi in kira shi "tantani". Zan duba yadda yake aiki, da tarihinsa, da inda ya yi nasara, da inda har yanzu ake fama da shi, sannan in waiwayo gida Nijeriya.

2.0 Iskar da Ake Magana a Kanta

Iskar kabon dayoksaid ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce muke fitarwa idan muka yi numfashi, ita ce tsirrai suke zuƙa su haɗa abincinsu, kuma ita ce take tasowa da kumfa idan aka buɗe lemon kwalba. Ba ta da launi. Baƙin da muke gani a hayaƙi ƙunar da ba ta cinye ba ce. Domin sauƙi, daga nan zan riƙa kiran ta "iskar kabon". Sai dai mai karatu ya lura kada ya haɗa ta da kabon monoksaid, wadda take fita daga janareto ta kashe mutane a rufaffen ɗaki. Wannan wata iska ce daban.

Matsalar iskar kabon ita ce yawanta. Tana riƙe zafin da ƙasa take mayarwa sama, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin manyan masana'antu, akwai kimanin kashi 280 nata a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar duniya. A shekarar 1958, lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawayi, ta kai kimanin 315. A shekarar 2024 kuwa ta haura 420.

Mafi yawan wannan ƙari daga ƙona kwal da man fetur da iskar gas yake zuwa. Amma akwai wata kafa da ba a cika ambata ba, wato siminti. Idan aka gasa dutsen farar ƙasa a murhun masana'anta, dutsen kansa ne yake sakin iskar kabon. Kowane kilo 100 na tsantsar wannan dutse yana sakin kilo 44. Ke nan ko da an sami wutar da ba ta hayaƙi an gasa dutsen da ita, iskar za ta fito. Masana'antun siminti suna da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake fitarwa.

Wahalar kama ta ita ce, ba ta fitowa ita kaɗai. A hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal, iskar kabon kashi 12 zuwa 15 ce kawai cikin 100. A tashar da take juya injinanta da iskar gas kuwa, kashi 3 zuwa 4 ce. Mafi yawan abin da ya rage naitirojin ne, wanda ba ya cutar da kowa, sai tururin ruwa da ɗan oksijin. Ba zai yiwu a tara hayaƙin duka a binne ba, domin yawansa ya wuce misali. Dole a fara rarrabewa, kamar yadda ake sheƙe hatsi kafin a zuba a rumbu.

Tsohuwar hanyar yin wannan aiki ita ce wanke iskar da wani ruwan sinadari mai suna amin, wadda aka yi wa rajista a Amurka tun 1930. Akan bi da iskar ta cikin doguwar hasumiya, ruwan ya kama iskar kabon, sannan a kai shi wata hasumiyar a dafa shi da zafin da ya kai digiri 100 zuwa 120 domin ya sake ta. Da wannan hanya ake aiki a filin gas na Sleipner da ke tekun Norwe tun 1996, da tashar kwal ta Boundary Dam a Kanada tun 2014, da kuma masana'antar siminti ta Brevik a Norwe, wadda aka buɗe sashenta na kama iska a 2025. Hanyar tana fitar da iska mai tsabta ƙwarai, amma dafa ruwan nan yana cin makamashi mai yawa, ruwan yana cin ƙarfe, kuma hasumiyoyin suna buƙatar fili. Waɗannan matsaloli ne suka sa ake neman wata hanya.

3.0 Dalilin Zaɓen Kalmar "Tantani"

A matsayina na wanda ya koyi Hausa a makaranta da kasuwa, nakan auna kalma sau biyu kafin in ɗauke ta. Kalmomi uku ne suka zo kusa da ma'anar wannan abu: rariya, da mataci, da tantani. Rariya tana da huda da ido yake gani, kuma girman ƙwaya kawai take dubawa: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Mataci, irin wanda ake tace gasara da shi, haka yake aiki, sai dai shi ruwa yake rabawa da dusa. Tantani kuwa siririyar fata ce marar huda, kamar wadda take manne a cikin ɓawon ƙwai, ko wadda makaɗa suke rufe bakin kalangu da ita. Abin da injiniyoyi suke amfani da shi wajen raba iska ya fi kama da wannan, domin yawancinsa ba shi da huda ko ɗaya. Saboda haka na tsaya a kan "tantanin tace iska".

Mai karatu zai iya tambaya: idan babu huda, ta ina iska take bi?

4.0 Yadda Tantanin Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa hura balan-balan ya ɗaure bakinsa ya san bayan 'yan kwanaki zai tarar ya saɓe, alhali babu inda ya fashe. Haka nan lemon da yake cikin gorar roba, idan ya yi watanni a ajiye, ƙarfinsa yakan ragu ko da ba a taɓa murfin ba. Dalili shi ne iska tana ratsa jikin robar kanta, kuma a matakai uku take yin haka. Da farko ƙwayoyin iskar sukan narke a fuskar robar, kamar yadda sukari yake narkewa a shayi. Daga nan su riƙa kutsawa ta 'yan gurabun da suke buɗewa suna rufewa tsakanin zarurrukan robar. A ƙarshe su fita ta ɗaya gefen.

Kowace iska da irin saurinta a wannan tafiya, kuma abu biyu ne yake ba iskar kabon galaba. Na farko, ƙwayarta ta ɗan fi ƙanƙanta: faɗinta nanomita 0.33 ne, na naitirojin 0.36, na metan, wato iskar da ta fi yawa a gas ɗin da ake haƙowa, 0.38. Nanomita ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wasu nau'o'in tantani, iskar kabon ta fi sauran saurin narkewa a jikin roba. Idan aka bi da gaurayayyiyar iska ta gefe ɗaya na tantanin, iskar kabon takan riga sauran ƙetarewa. Abin da ya ƙetare sai ya zama mai yawan kabon, abin da ya rage kuma ya zama mai ƙarancinsa.

To amma akwai sharaɗi guda wanda duk bayanin da zai biyo baya ya rataya a kansa. Iska ba ta ƙetare tantani sai an tura ta. Abin da yake tura ta shi ne bambancin matsi tsakanin gefen biyu, kamar yadda ruwa ba ya gudu sai ya sami gangare. Kuma matsin da ake lissafawa shi ne rabon iskar kabon ita kaɗai a cikin matsin gaurayen. Idan iskar tana da matsi mai ƙarfi kuma kabon ɗin cikinta yana da yawa, aiki ya yi sauƙi. Idan matsin kaɗan ne kuma kabon ɗin ya tsinke a cikin naitirojin, aiki ya yi tsada.

Domin iska ta wuce da sauri, akan yi fatar da take tacewa siririya ƙwarai, kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗaruruwa na kaurin silin gashi ba. Fata irin wannan ba za ta iya tsayawa da kanta ba, sai a shimfiɗa ta a kan wani ɓangare mai kauri mai huda-huda kamar soso, wanda yake tallafe ta. Sannan akan shirya ta a siffa biyu. Wani lokaci a naɗe ta kamar tabarma a kewayen bututu. Wani lokaci kuma a yi ta dubban zarurruka masu rami a tsakiya, a ɗaure su dami guda a cusa a cikin bututun ƙarfe. Irin wannan dami na zarurruka ne yake cikin na'urar wankin ƙoda a asibiti, ko da yake can jini ake tacewa.

5.0 Taƙaitaccen Tarihi

Wani masanin kimiyya ɗan Sikotilan mai suna Thomas Graham ne ya bayyana waɗannan matakai uku a shekarar 1866, bayan ya yi gwaje-gwaje da robar itace. Ya gano cewa iskar kabon tana ratsa roba da saurin da ya ninka na naitirojin fiye da sau goma. Amma kusan shekara ɗari ilimin ya yi a ɗakin gwaji, domin tantanin wancan zamani yana da kauri, iskar da take wucewa ba ta taka kara ta karya ba.

Sauyi ya zo a farkon shekarun 1960, lokacin da Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjales suka gano yadda za a yi siririyar fata a kan soso mai tallafe ta. Su burinsu cire gishiri daga ruwan teku ne, kuma jikokin tantaninsu ne suke aiki yau a masana'antun ruwan leda da ruwan gora da dama. Sun yi shi ne da selulos asitet, wani nau'in roba da ake samu daga auduga ko ɓargon itace. A shekarar 1980 kamfanin Monsanto ya shigar da tantanin Prism kasuwa domin ware iskar haidirojin a masana'antu. A cikin shekarun 1980 ɗin kuma aka fara amfani da tantanin selulos asitet wajen cire iskar kabon daga gas, musamman a filayen mai na jihar Tekzas.

6.0 Inda Tantani Ya Yi Nasara

Gas ɗin da yake fitowa daga rijiya sau da yawa yana ɗauke da iskar kabon, kuma dole a rage ta kafin a sayar da shi. Ba ta ci da wuta, kuma idan ta haɗu da ruwa takan zama ruwa mai tsami da yake cin bututu. A Amurka yawancin masu bututun gas ba sa karɓar wanda kabon ɗinsa ya wuce kimanin kashi 2 cikin 100.

A nan tantani ya sami wurin zama, domin gas yana fitowa daga ƙasa da matsinsa. Bari mu yi ɗan lissafi. Ana auna matsi da "bar", kuma bar ɗaya shi ne kusan matsin iskar da muke shaƙa. A ce gas ya zo da matsin bar 60, kuma kashi 10 cikin 100 nasa kabon ne. Rabon iskar kabon shi ne bar 6. Wannan turi ne mai ƙarfi wanda ba a biya kuɗin wuta an samar da shi ba. Ƙari a kan haka, tantani ba shi da nauyi, ba ya buƙatar dafa komai, ba shi da sassa masu motsi da yawa, kuma idan aiki ya ƙaru sai a ƙara bututu kawai.

Waɗannan siffofi sun fi amfani a tsakiyar teku, inda kowane taku na fili yake da tsada. Misali mafi girma shi ne na kamfanin Petrobras na ƙasar Barazil. Man da yake haƙowa a ƙarƙashin shimfiɗar gishiri a yankin tekun Santos yana zuwa da gas mai yawan kabon. A kan jiragen ruwan da suke aikin haƙar, akan raba iskar kabon da tantani, a sake tura ta cikin rijiyoyin. A shekarar 2022 kamfanin ya bayar da rahoton cewa ya mayar da tan miliyan 10.6 ƙarƙashin ƙasa ta wannan hanya. Ya kamata a faɗi cewa mayar da iskar yana taimaka wa kamfanin wajen turo ƙarin mai, don haka akwai riba a cikin lamarin, ba kishin muhalli kaɗai ba.

Haka kuma ana amfani da tantani wajen tsabtace gas ɗin da ake samu daga ruɓaɓɓen shara da kashin dabbobi, wanda sulusinsa ko fiye iskar kabon ce. Idan aka cire ta, abin da ya rage metan ne da za a iya zuba wa mota ko a tura a bututu.

7.0 Inda Ake Fama

Hayaƙin masana'anta labarinsa daban ne. Yana fita daga bututu da matsin bar ɗaya kacal. Idan kabon ɗinsa kashi 13 ne cikin 100, rabonsa bar 0.13 ne, wato ƙasa da na misalinmu na gas fiye da sau 40. Domin a samar da turi, ko dai a matse hayaƙin duka da injin, wanda yake nufin ɓata wuta wajen matse naitirojin da ba a buƙata, ko kuma a sa famfo ya zuƙe iska daga ɗaya gefen. Hanya ta biyu ta fi arahar wuta, amma tana buƙatar tantani mai faɗin gaske. Tashar kwal mai ƙarfin megawat 600 tana fitar da sama da tan 10,000 na iskar kabon a rana, kuma faɗin tantanin da zai tace wannan ana lissafa shi da ɗaruruwan dubban murabba'in mita ko fiye.

Sai kuma matsala ta biyu, wadda Hausawa suka riga suka yi wa karin magana: taura biyu ba ta taunuwa. Ana son tantani ya bar iska ta wuce da sauri, ana kuma son ya iya zaɓe. Amma robar da take da sauri yawanci ba ta zaɓe sosai, wadda take zaɓe sosai kuma ba ta da sauri. Lloyd Robeson ya tattara sakamakon robobi masu yawa a shekarar 1991, ya nuna cewa akwai wata iyaka da kusan dukansu suka kasa haurawa. Ya sake zana iyakar a 2008 bayan an sami ci gaba. Har yau duk wanda ya ƙirƙiro sabon tantani da wannan iyaka ake auna shi.

Matsala ta uku ita ce lalacewa. Ƙura da toka da iskar farar wuta da suke cikin hayaƙi suna rage kwanan tantani, don haka sai an wanke hayaƙin an sanyaya shi tukuna. A wajen gas kuma, idan iskar kabon ta yi yawa a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, takan kumbura robar ta sassauta ta, sai metan mai daraja ya riƙa bi yana salwanta. Bugu da ƙari, tacewa sau ɗaya ba ta bayar da iska mai tsabta, sai an maimaita sau biyu ko uku, ko a haɗa da sanyaya iskar har ta zama ruwa.

Duk da haka ana samun ci gaba. Kamfanin MTR na Kalifoniya ya ƙera tantanin Polaris, wanda iskar kabon take ratsawa da saurin da ya ninka na tsohon tantanin gas kusan sau goma. A shekarar 2010 masu bincikensa suka fito da wata dabara: a bi da iskar da za a hura wutar murhu da ita ta bayan tantanin, ta kwashe ragowar kabon ta mayar da shi murhu. Da haka kabon ɗin hayaƙin yakan ƙara kauri, tacewa ta yi sauƙi. An gwada wannan tantani a cibiyar gwaji ta Wilsonville a jihar Alabama a kan tan 20 a rana, sannan aka gina wata tashar gwaji mai ɗaukar tan 150 a rana a garin Gillette na jihar Wayomin. A Norwe ma, masu bincike na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Trondheim, ƙarƙashin jagorancin May-Britt Hägg, sun yi tantani mai ɗauke da sinadarin amin a jikinsa, wanda yake kama iskar kabon ya miƙa ta gaba idan akwai danshi, kuma an gwada shi da hayaƙin siminti a Brevik. Mai karatu ya kwatanta tan 150 da tan 10,000, zai ga tazarar da ta rage.

8.0 Ina Ruwan Nijeriya?

A taron sauyin yanayi na Gilasgo a shekarar 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Nijeriya za ta daidaita iskar kabon da take fitarwa da wadda take kawarwa, kuma a wannan shekarar aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi. Idan muka yi amfani da ma'aunin da muka koya, wato yawan kabon da ƙarfin matsi, za mu iya gane inda tantani zai fi dacewa da mu.

Mafi yawan wutar lantarkin ƙasar nan daga tashoshin gas take fitowa, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Hayaƙin injinan gas shi ne mafi tsinkewa, don haka shi ne mafi wuyar tacewa da tantani. Masana'antun siminti irin na Obajana da Ewekoro da Ashaka da Sakkwato sun fi dacewa, domin hayaƙin murhun siminti yakan ɗauki kashi 20 cikin 100 na kabon ko fiye. Sai kuma harkar gas kanta a yankin Neja Dalta. A tsibirin Bonny, inda ake fitar da gas zuwa ƙasashen waje tun 1999, ana sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri domin ya zama ruwa. A irin wannan sanyi iskar kabon takan daskare ta toshe na'ura, don haka sai an cire ta kusan ƙaf. Aiki mai tsanani haka ya fi ƙarfin tantani shi kaɗai. A masana'antun duniya ruwan sinadari ne yake ƙarasa shi, tantani kuwa yakan rage kaya tun daga farko idan kabon ya yi yawa.

Wani abin lura shi ne, kama iskar rabin aiki ne. Sai an san inda za a kai ta. Ana amfani da wani kaso wajen yin takin yuriya da lemon kwalba, amma wannan bai kai ko kusa da abin da ake fitarwa ba. Sauran sai an matse shi an tura cikin duwatsu masu zurfi ko tsofaffin rijiyoyin mai, a kuma ci gaba da sa ido shekara da shekaru. Duk wannan kuɗi ne, kuma a ƙarshe zai bayyana a farashin buhun siminti ko takardar kuɗin wuta.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa tantanin tace iska siririyar roba ce da iskar kabon take narkewa a cikinta ta ƙetare kafin sauran, kuma bambancin matsi ne yake tura ta. Ya daɗe yana aiki a rijiyoyin gas, amma a bututun hayaƙi har yanzu yana matakin gwaji. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk ranar da aka kawo mana labarin wata na'ura da za ta kama iskar kabon domin mu fassara, mu nemi amsar tambayoyi uku kafin mu ɗora alƙalami: kashi nawa ne kabon a cikin iskar, da wane matsi take zuwa, kuma ina za a kai abin da aka kama? Haka nan kalmomin da na yi amfani da su, irin su tantani da matsi da iskar kabon, shawara ce kawai. Ina fata malamanmu da sauran ɗalibai za su auna su, wanda yake da wadda ta fi ya kawo a fitowa ta gaba.